Za a yi wa yarona aiki, an ce kar ya ci komai daga 12 na dare, wai har nono?

Maman Haidar

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Yarona shekararsa ɗaya da wata biyar, ƙaba gare shi, likita ya duba ya ce sai an yi masa aiki an ba mu ranar Talata. Nas ɗin da ta rubuta mana kati ta ce daga ƙarfe 12 na dare kar a ba shi komai ba abinci ba ruwa, na ce har nono? ta ce komai dai, kafin in ƙara magana ta kira na bayana saboda layin ya yi tsawo.

To ni abin da ke damuna ban yaye shi ba, cikin dare yana tashi ya sha, kuma kun san zafin da ake yi yanzu ko babba ba ya iya kwana bai sha ruwa ba balle shi. An ce mu zo 7 na safe amma wata mata da muka haɗu a wajen ta ce min nata yaron sai bayan azahar aka shiga da shi, tun magariba rabonsa da abinci. Kakarsa kuma, wato maman babansa, ta ce ita ba ta ga abin da koko cokali biyu zai yi ba tunda aikin a mara za a yi ba a tumbi ba, wai in ba shi da asuba ba sai na faɗa wa kowa ba. Ni wlh tsoro nake ji ta kowane ɓangare, in na ba shi ina tsoro in na hana shi ina tsoro. Wai mene ne dalilin hanawar? kuma da gaske nono ma ba zai sha ba tun dare?

Ummu Safiyya

Wa alaikumus salam. Allah sarki Haidar, Allah ya ba shi lafiya ya sa a yi a sa'a. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce amma dan girman Allah Maman Haidar maganar ɓoyewa ki cire ta a ranki. Lokacin da muke jinyar 'yata akwai wani yaro a gadon kusa da mu, an gama shiri har an sa masa rigar tiyata sai yayarsa 'yar shekara shida ta ce ai ta ba shi biskit ɗinta da safe, nan take aka ɗaga aikin, uwar tana ta kuka saboda daga ƙauye suka zo, amma likitan ya ce gara haka sau dubu. Tun ranar na gane ba wasa suke da abin ba.

Shawarata ranar ki miƙa wa babansa ko ƙanwarki su riƙe shi, don in yana jikinki yana jin ƙamshin nono ba za ki iya jure kukansa ba. A kwashe kayan ci daga inda zai gani, yayyensa ma a ja musu kunne, kuma kar wanda ya ci abu a gabansa. Ita Hajiya a lallaɓa ta, tausayi ne ya sa ta faɗi haka, babansa ya yi mata bayani zai fi shiga.

Sista Rabi

Maman Haidar sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Aikina kenan, ni nas ce mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata, bari in yi miki bayani yadda za ki iya maimaita wa Hajiya.

Hanawar ba ta da alaƙa da inda za a yanka, ko a ɗan yatsa za a yi aikin indai za a sa yaro barci to dokar ɗaya ce. Yanzu haka in kina shan ruwa kika ƙware me ke faruwa? tari zai turnuƙe ki har sai abin ya fito, wannan tarin shi ne kariyar da Allah ya yi wa huhu. Maganin barcin da muke bayarwa yana kashe wannan kariyar gaba ɗaya, yaro ba zai yi tari ba ba zai haɗiye ba, sannan ƙofar da ke tsakanin maƙoshi da tumbi ita ma tana saki. To in akwai abu a tumbin zai iya tasowa shiru ba tare da yunƙurin amai ba ya gangara hanyar iska. In mai guda-guda ne ya toshe numfashi, in ruwa ne kuma a haɗe yake da ruwan tsamin ciki wanda ke ƙona huhu, yaron da ya zo aikin minti talatin ya koma gida a ranar sai ya ƙare a kan iskar oksijin. Ba kasafai yake faruwa ba, amma duk wanda ya taɓa gani da idonsa ba zai yarda da cokali biyun nan ba.

Sai dai kuma ba komai ne ke daɗewa a ciki daidai da ɗan'uwansa ba, shi ya sa kowanne da lokacinsa. Ƙa'idar da aka fi koyar da mu da ita, ta ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ce, ga ta:

Ruwa garai, awa 2 kafin a sa shi barci. Nonon uwa, awa 4. Madarar gwangwani ta jarirai, madarar shanu, da abinci mara nauyi, awa 6. Abinci mai maiƙo ko soyayye ko nama, awa 8.

Kin ga kenan in da gaske ƙarfe 8 na safe za a shiga da shi, zai iya shan nono har ƙarfe 4 na asuba, ruwa kuma har 6. Sha biyun daren nan awa 8 ce kafin 8 na safe, wato lissafin wanda ya ci tuwo da nama ne aka ɗora wa kowa, babba da jariri, saboda ya fi sauƙin faɗa a cikin cunkoso kuma ba a rikicewa.

Inda iyaye suka fi samun matsala shi ne gane mene ne ruwa garai. Ba duk abin sha ba ne. Ki zuba a kofin gilashi ki ɗaga, in kina hango yatsunki ta ciki kuma babu gari babu guda-guda babu madara to shi ne: ruwan sha, ruwan da aka jiƙa sukari, jus ɗin tuffa wanda aka tace tas, shayi ba madara ga yaran da suka tasa. Koko, kunun gyaɗa, kunun zaƙi, fura, yogot, shayi da madara, jus ɗin mangwaro ko na lemo mai guda-guda, duk a layin abinci suke, awa 6. Madara ma da kike ganinta ruwa tsululu, tana haɗuwa da tsamin ciki take daskarewa ta zama guda-guda kamar awara, shi ya sa take daɗewa. Nonon uwa ya fi ta saurin wucewa amma shi ma yana da maiƙo, ba a lissafa shi da ruwa.

Ɗaya ɓangaren kuma wanda ba a cika faɗa wa iyaye ba, doguwar yunwa ita ma illa ce. Yaron da ya yi barci ƙarfe 8 na dare aka shiga da shi 12 na rana awa 16 kenan, ɗan ƙaramin jiki ba shi da ajiyar sukari irin ta babba, sukarinsa zai iya sauka, ruwan jikinsa ya ragu, jijiya ta ɓuya mu yi ta huda muna nema yana tsala ihu, muna ba da magani kuma jininsa ya yi ƙasa. Kuma wannan wahalar ba ta ƙara masa kariyar komai, tumbin da ya yi awa 16 bai fi wanda ya sha ruwa awa 2 da suka wuce zama fayau ba, don ciki kullum yana fitar da ruwansa da kansa.

Abin da zan ce ki yi, kar ki canza da kanki saboda kin karanta a nan. Ki koma kafin Talata ki ce kina son ganin wanda zai sa shi barci, dama ya kamata ya duba shi kafin ranar. Ki ce masa yaro yana shan nono, ya rubuta miki lokaci uku a takarda, na abinci, na nono, na ruwa. Ki tambaya na nawa ne a jerin ranar, don ƙananan yara su ya kamata a fara da su. In kuma ranar aka ga za a yi jinkiri ki tashi ki tambaya ko a ba shi ruwan sukari ko a sa masa ƙarin ruwa, haƙƙinsa ne ba rashin kunya ba ne.

Baban Khalifa

Sista Allah ya saka da alheri amma ni gaskiya ina da ja a nan. Abin da asibiti suka faɗa shi ya kamata ta bi ba ƙari ba ragi. Su suka san tsarinsu, wani lokaci wanda aka sa na farko bai kawo jini ba ko bai gama biyan kuɗi ba sai a ce na huɗu ya shigo yanzu, to in uwa ta lissafa cewa sai 12 za a kira ta ta ba da nono ƙarfe 8 kin ga ta rasa damarta, a ƙara mata sati biyu ko wata. Kuma mutanenmu kina cewa an yarda a sha ruwa to wallahi wata kunu za ta dama ta ce ai ruwa-ruwa ne. Ina ganin shi ya sa suke rufe ƙofar gaba ɗaya. Yunwar kwana ɗaya yaro zai manta, amma abu ya shiga huhu fa? Ni nawa ɗan da aka cire masa ƙari a wuya haka muka bi tun dare kuma lafiya lau aka tashi alhamdulillah.

Dr. Nafi'u

Salam. Baban Khalifa maganarka ta canjin jeri gaskiya ce, kuma ita ce babbar matsalar ko a nan Ingila inda nake aiki, amma ɗan wata 17 da ke shan nono daban yake da yaron da ya tasa. Maganin matsalar shi ne a lissafa wa kowa daga lokacin da za a fara aikin farko na ranar, ba daga lokacin da uwa take tsammanin za a kira ta ba. In 8 ake farawa kowane yaro ya sha nono zuwa 4, ruwa zuwa 6, ko an jawo shi gaba ba abin da ya ɓaci, wanda aka tabbatar zai kai rana kuma a ƙara masa ruwa a ɗakin jinya. Sista ma ai ba ta ce ta saɓa wa asibiti ba, cewa ta yi ta koma ta tambaya.

Tsoron nan yana da asali. A 1946 wani likitan mata a birnin New York, Curtis Mendelson, ya duba haihuwa sama da 44,000 ya samu mata 66 da abin cikinsu ya shiga huhu lokacin da aka sa su barci da abin rufe hanci, daga nan dokar hana ci da sha tun tsakar dare ta yi ƙarfi ta bazu duniya. Amma waɗancan mata ne masu naƙuda, cikinsu a cike, kuma ba a sa musu bututun numfashi ba. Da aka zo ana auna abin da ke cikin tumbi sai aka ga ruwa garai ba ya zama, mafi yawansa ya wuce zuwa hanji cikin awa ɗaya. Amurkawa suka fitar da ƙa'idar awa 2 a 1999. A 2018 likitocin sa yara barci na Birtaniya da Ailan tare da takwarorinsu na Turai suka rage na ruwa zuwa awa 1, a ba da har mililita 3 ga kowane kilo na nauyin yaro, wato ɗan kilo 10 mililita 30, cokalin cin abinci biyu kenan. A 2022 ƙungiyar likitocin sa barci ta Turai ta fitar da sabuwar ƙa'idar yara: abinci awa 6, madarar gwangwani awa 4, nonon uwa awa 3, ruwa awa 1. A Uppsala ta ƙasar Suwidin ma barin yara suke su sha ruwa har sai an kira su ɗakin tiyata, sun duba sama da 10,000 suka samu 3 kacal da abin ya shiga huhu. Su kuwa Amurkawa da suka sabunta tasu a 2023 sun tsaya a awa 2, amma suka ja hankali cewa a bar yara su sha har kusa da awa biyun kar a bar su da ƙishi. Don haka Maman Haidar in likitanki ya ce 2 da 4 kar ki ce ai wani ya ce 1 da 3, duka biyun ƙa'idoji ne da ake aiki da su, ki bi nasa.

Abu ɗaya da nake so a riƙe, duk waɗannan awoyin na yaro ne mai lafiya da aka tsara wa aiki. Yaron da ya faɗo daga bishiya ya karye, ko hanjinsa ya toshe, ko jaririn da ƙofar tumbinsa ta tsuke yana ta feshin amai, ko ƙabar da ta maƙale ta ƙi komawa, ba ma yarda da agogo a kansu, ciwo da firgici da magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna tsayar da tumbi cak, abincin da ya ci kafin ya faɗi zai iya kasancewa yana nan bayan awa goma. Irin waɗannan muna ɗaukar cikinsu a cike ne, akwai yadda ake sa su barci da sauri a sa bututu a rufe hanyar iska, wani a zuƙe cikin ta hanci tukuna. Yanzu kuma inda ake da kayan aiki ana ɗora na'urar sikanin a saman ciki a ga ko fayau yake ko ruwa ne ko abinci. Shi ya sa gaskiyar uwa take da muhimmanci, in mun san ya ci muna da dabarar kare shi ko mu jira, in aka ɓoye mana za mu bi hanyar da ta dace da cikin da ba komai.

Abdu Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma ina da tambaya tunda magana ta zo. Ɗiyata shekara bakwai tana da emasi, sikila kenan, lokotoro ya ce za a cire mata matsarmama saboda duwatsu. Mu kullum abin da ake gaya muna kar ta zauna da ƙishirwa don shi ke tada mata ciwo, to yanzu ya za a yi da wannan azumin? Sannan tana shan maganinta kowace sahiya, a ba ta ko a bari? Kuma mahaihiyata ta amso mata rubutu ta ce sai ta sha kahin a shiga da ita, ni ban son in saɓa mata.

Maman Haidar

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya biya ku, Sista da Likita hankalina ya ɗan kwanta, gobe in sha Allahu zan koma in nemi mai sa barcin. Malam Abdu Allah ya ba 'yarka lafiya. Sista ƙarin tambaya, zoɓo da aka tace yana cikin ruwa garai? don shi ya fi so. Sannan tun jiya yana ɗan zubar da majina ba zazzaɓi dai, in faɗa ko ba komai? ina tsoron kar su ɗaga mana. Kuma bayan an fito yaushe zan ba shi nono?

Sista Rabi

Malam Abdu, masu sikila ba a barinsu da ƙishi ko kaɗan, yawanci tun daren ake kwantar da su a sa musu ƙarin ruwa ta jijiya daga lokacin da aka tsayar da sha, a duba yawan jininta ko tana buƙatar ƙari kafin aikin, a sa ta farkon jeri, a kuma kiyaye ta daga sanyin ɗakin tiyata. In ba su ambaci wannan ba kai ka ɗago maganar. Maganinta ka kwashi kwalayen duka ka kai wa mai sa barcin ya ware maka, akwai waɗanda ake sha da kurɓi ɗaya na ruwa ko da safiyar aikin ne, kamar na farfaɗiya ba a so a tsallake, akwai kuma waɗanda ake dakatarwa. Rubutu kuwa ba sai kun saɓa wa Inna ba, ta sha da daddare kafin lokacin tsayar da abinci, musamman in an sa zuma ko wani garin magani a ciki, da safe kuma a yi mata tofi a shafa mata. In akwai jiƙo ko sassaƙe da take sha shi ma ku faɗa.

Maman Haidar zoɓo ki bar shi ranar, ko an tace shi ja ne, in yaro ya yi amai ba za mu bambance shi da jini ba, kuma yawanci ana sa citta da kanumfari. Ki jiƙa masa sukari kaɗan a ruwa ya wadatar. Ki sa ƙararrawa a waya ki tashe shi ya sha nonon nan na ƙarshe ya ƙoshi ko da barci yake, haka ma ruwan, yawancin yaran da ke galabaita ba wanda ya tashe su ne suka wuce lokacin suna barci.

Majina kuma lallai ki faɗa, mura tana sa hanyar numfashin yaro ta riƙa tsukewa da an taɓa ta. In fara ce yana wasansa ƙirjinsa lafiya sau da yawa ana yin aikin, in ta zama kore ko zazzaɓi ya zo ko tari mai kaki ko kina jin ƙirjinsa yana ƙara to ɗagawa ta fi, su za su saurara da abin awo su yanke. Amma kafin ranar in kika ga ƙabar ta kumbura ta yi tauri ta ƙi komawa yana kuka yana amai, kar ki ba shi komai kar ki jira Talata, ku tafi sashen gaggawa a daren.

Bayan an fito, aikin ƙaba ba a buɗe hanji, da ya farka sosai ya buɗe ido yana kuka da ƙarfinsa nas ɗin ɗakin farfaɗowa za ta ce ki sa shi a nono, ki fara kaɗan ki ɗaga shi ya yi gyatsa, in ya yi amai ki dakata kamar rabin awa ki sake gwadawa. Na Malam Abdu kuma tunda a cikin ciki ne sai likitan da ya yi aikin ya ba da izini.